Hannu Ashirin a Bakin Rijiya Ɗaya

A wata ranar Talata, farkon shekarar 2024, motar da ta taso daga Kano ta sauke wani dogon kwali a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, a garin Talata Mafara. Ranar kasuwa ce, don haka ba a rasa masu kama kaya ba. Sai da mutum biyu suka tallabe shi kafin ya shiga shagon wani matashi da ke buga wa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau takardunsu, yana yi wa jama'a rajistar jarrabawa, yana zana katin biki. Da aka yaye kwalin, sai ga wani faffaɗan ƙarfe mai kama da aljihun tebur, tsawonsa ya fi kamu guda. Sunansa Dell PowerEdge R720. Masu sana'ar suna ce masa saba, marubuta kuma suna ce masa uwar garke, wato kwamfutar da aka ƙera domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana.

Kuɗin da aka saye ta ba na matashin ba ne. Na kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, manomin shinkafa a Bakura, wanda ya fitar da wani kaso na amfanin gonarsa ya sayar, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa ba tare da rubutu ko shaida ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: a sayi abin da zai daɗe.

Matashin bai yi gaggawa ba, a nasa ganin. Ya shafe makonni yana kwatanta abubuwa biyu da kuɗin zai iya saya. Na farko sabuwar kwamfutar tebur mai furosesa Intel Core i5-12400, wadda ta fito a watan Janairun 2022. Na biyu wannan tsohuwar saba 'yar gwanjo, mai ɗauke da furosesa biyu, kowacce Intel Xeon E5-2680 v2, ƙirar shekarar 2013. Furosesa ita ce ɗan ƙaramin allon da ke yin duk lissafin da kwamfuta ke yi, kuma a cikinta akwai sassa masu cin gashin kansu, kowanne yana iya riƙe aiki nasa daban. A nan za a kira kowane sashe hannu. Core i5 ɗin tana da hannu shida. Kowace Xeon tana da goma, biyun a haɗe ashirin ke nan. Sannan sabar ta zo da ram, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin sabuwar. Mai sayarwa ya ƙara masa da wata magana wadda gaskiya ce: lokacin da wannan Xeon ta fito, guda ɗaya ta haura dala 1,700, alhali Core i5 ɗin ko ranar da ta fito kusan dala 200 ce. Wa zai bar abin da bankunan Turai suka yi aiki da shi ya ɗauki abin yara? Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, wanda duk ɗan Zamfara zai gane shi ba sai an yi masa bayani ba. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau aka fara mayar wa, sauran garuruwa suka ci gaba da jira. A waɗannan makonni duk abin da matashin ya ajiye a intanet ya zama kamar kuɗin da ke cikin asusun da aka rufe: nasa ne, amma ba ya iya taɓa shi. Tun daga lokacin ya ƙudurta cewa duk abin da sana'arsa ta dogara da shi zai zauna a cikin ɗakinsa, inda idonsa ke gani. Burinsa ya buɗe ɗan zaure mai kujera ashirin inda 'yan sakandare za su riƙa gwada jarrabawar JAMB a kan kwamfuta kafin ranar gaske, domin tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar takarda da fensir, kuma yara da yawa daga ƙauyukan Mafara, Bakura da Maradun ranar jarrabawa ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Zaure irin wannan yana buƙatar uwar garke. Ga uwar garke ta gaske a farashin gwanjo. Lissafin ya yi masa daidai ta kowace fuska.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne ƙara. Da ya danna maɓallin kunnawa, fankoki shida da ke jere a cikinta suka tashi gaba ɗaya da wani irin ihu, har tela maƙwabcinsa ya leƙo ya ga ko lafiya. Bayan ɗan lokaci suka lafa, amma ba su yi shiru ba. Sannan ta ɗauki mintuna tana duba ram ɗinta da faya-fayanta ɗaya bayan ɗaya kafin ta yarda ta nuna komai a allo. Wannan ba lalacewa ba ce. An ƙera ta ne domin a kunna ta sau ɗaya ta shekara ba a kashe ba, a ɗakin da babu mai zama sai 'yan uwanta, inda ƙara ba ta damun kowa kuma jinkirin tashi ba shi da muhimmanci. Ba a ƙera ta domin garin da wuta ke zuwa ta koma sau da yawa a yini ba.

Abu na biyu ya fi ciwo, kuma ya ɗauki kwanaki kafin ya yarda da abin da idonsa ke nuna masa. Sabar ba ta da sauri. Idan ya buɗe CorelDRAW zai gyara katin ɗaurin aure, sai ya ji wani ɗan nauyi tsakanin motsin hannunsa da amsar allo. Shafin rajista a intanet yakan ɗan tsaya kafin ya buɗe. Da ya duba ma'aunin aikin furosesa, sai ya ga hoton da ya bayyana komai: gidaje arba'in a jere, domin kowane hannu yana iya riƙe zare biyu na aiki, guda ɗaya ya cika ya batse, sauran talatin da tara suna kwance.

Wanda ya taɓa ganin ana haƙa rijiya ya riga ya san wannan darasi. Ko an tara ƙarti ashirin, mutum ɗaya ne ke shiga ƙasa ya sari ƙasa, domin ramin ba ya ɗaukar biyu. Sauran sai dai su ja guga, su zubar, su jira. Saurin rijiya yana hannun wanda ke ciki. Girbin shinkafa kuwa ba haka yake ba: a raba gona gida ashirin, kowa ya kama nasa, a gama kafin azahar. Ayyukan kwamfuta ma iri biyun nan ne, kuma mafi yawan abin da ake yi a shagon buga takardu, daga rubutu da zane zuwa cike fom, haƙar rijiya ne. Kowane mataki sai wanda ya gabace shi ya ƙare. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Gene Amdahl ya faɗi wannan tun 1967, kuma har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar: komai yawan hannayen da aka ƙara, ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ne ke yanke iyakar saurin da za a samu.

Saura tambaya ɗaya: tsakanin na Xeon da na Core i5, wane hannu ne ya fi ƙarfi idan an saka shi a ramin shi kaɗai? A nan ne lambobin da ake rubutawa a jikin kwali ke yaudara. Xeon ɗin tana tafiya a gigahaz 2.8, tana iya ɗagawa zuwa 3.6. Core i5 ɗin tana farawa daga 2.5, tana ɗagawa zuwa 4.4. Mai kallon farko zai ce ai kusan ɗaya ne, har ma tsohuwar ta fi a lambar farko. Amma gigahaz yawan taku ne kawai a daƙiƙa, ba ya faɗin tsawon kowane taku. Yaro da raƙumi suna iya yin taku iri ɗaya a minti, ba za su isa kasuwa tare ba. Tun wajen 2004, lokacin da Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8 tana zafi kamar murhu, kamfanoni suka gane cewa ƙara yawan taku ya kusa kai maƙura. Sai suka koma faɗaɗa takun: furosesa ta riƙa hango umarnin da ke tafe, ta jera su yadda za ta yi da yawa a bugu ɗaya, ta rage jiran bayanai. Shekara takwas da 'yan watanni na irin wannan gyara ne ke tsakanin furosesocin biyu. Sakamakonsa, a gwaje-gwajen da aka saba yi na hannu ɗaya, hannun Core i5 ɗin yana yin ninki biyu na aikin hannun Xeon, wani lokaci har da ɗoriya.

A ɗauki misali da lissafi mai sauƙi. A ce akwai aikin da zai ci tsohon hannu ɗaya minti 100, kuma minti 20 daga ciki rijiya ne, ba ya rabuwa, sauran 80 girbi ne. Sabar za ta yi ashirin ɗin farko a minti 20, ta raba tamanin ɗin gida ashirin ta gama a minti 4. Jimla 24. Kwamfutar tebur, mai hannu ninki biyu a ƙarfi, za ta yi na farko a minti 10, na biyu kuma ta raba arba'in gida shida, kusan minti 7. Jimla 17. Hannu shida sun riga ashirin, a aikin da kashi huɗu cikin biyar nasa mai rabuwa ne. Sai aikin ya zama girbi zalla sannan alƙalami ke juyawa: minti 5 ga saba, 8 da ɗoriya ga tebur.

Matashin bai karanta Amdahl ba. Abin da ya gamsar da shi abokinsa ne na Maradun, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, wanda shi ya sayi irin kwamfutar da matashin ya ƙi. Wata Asabar da hanya ta yi daɗi, ya naɗe ta cikin bargo ya sako ta a mota, domin gardamar da suka daɗe suna yi ta waya ta zo ƙarshe. Tafiya tsakanin garuruwan nan ba abin da ake yi don nishaɗi ba ne a shekarun nan. Ana tambayar labarin hanya kafin a fita, ana kuma komawa tun rana na sama. Suka ajiye injinan biyu gefe da gefe, agogon waya a hannu.

A buɗe manhaja, a zane, a cike shafi, babu ma gasa. Daga nan matashin ya ce a kawo babban aiki, a fitar da bidiyon biki mai tsawon awa guda, domin a nan yake sa ran hannayensa ashirin za su rama masa. Fankokin sabar suka ɗaga murya, gidaje arba'in suka cika, abin gwanin sha'awa. Sai dai kwamfutar abokin ta riga ta gamawa, kuma ba ta ko yi gumi ba. Dalili shi ne a cikin Core i5 ɗin akwai wani ɗan sashe na musamman, Intel na kiransa Quick Sync, wanda ba ya yin komai a duniya sai aikin bidiyo. Xeon E5 ba ta da shi, domin bankin da ya saye ta a 2013 ba ya shirya bidiyon kamu da walima. Abin da hannu ashirin ke yi da ƙarfin tuwo, wancan yana yin sa da injin da aka ƙera don shi.

Adalci ya wajaba a nan, domin sabar ba ta tashi hannu rabbana ba. Da suka ba injinan wani tulin fayiloli su dunƙule wuri ɗaya, aikin da ke rabuwa sosai, ita ta yi gaba. Da suka gwada tayar da kwamfutocin bogi, wato a raba inji ɗaya ya zama kamar kwamfutoci da yawa kowacce da babbar manhajarta, ta tebur ta fara numfarfashi da wuri saboda ram ɗinta ya ƙare, sabar kuwa ta ɗauki goma ba ta nuna gajiya ba. R720 tana da gurbin ram ashirin da huɗu. Allon kwamfutar tebur ba ya wuce huɗu, sau da yawa ma biyu ne. Ram ɗin saba kuma na daban ne, yana gano kuskure ya gyara da kansa. Wannan ba ƙawa ba ce: wani bincike da Bianca Schroeder da abokan aikinta biyu suka wallafa a 2009, kan injinan kamfanin Google, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na injinan suna samun irin wannan kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Tana da gidan wuta biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Ana iya zare faifan da ya lalace a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Waɗannan su ne abin da dala dubbai suka saya tun farko. Ba sauri aka biya ba, amana aka biya: injin da ba zai tsaya ba yayin da mutum dubu suke dogare da shi.

Tambayar da matashin bai yi wa kansa ba a Kano ita ce ko yana da mutum dubun. Yara ashirin da ke amsa tambayoyin zaɓi, kowanne yana danna A ko B sau ɗaya a cikin rabin minti, ba kaya ba ne da zai tanƙwara ko da ƙaramar kwamfuta. Ya sayi tirela domin kai buhu biyu kasuwa.

Ko da hakan, da sauri ne kaɗai matsalar, da an yi haƙuri da shi. Daƙiƙa biyu kafin shafi ya buɗe ba ta kashe sana'a. Abin da ke kashe ta shi ne ci. Intel ta rubuta wa kowace Xeon ɗin wat 115, biyun 230, ban da fankoki da faya-fayai da ram masu yawa. Ta rubuta wa Core i5 ɗin wat 65, ko da yake tana iya kaiwa 117 na ɗan lokaci idan aiki ya yi tsanani. Amma waɗannan lambobi na lokacin aiki ne, kuma kwamfutar shago mafi yawan yininta zaman jiran mai zuwa take yi. Abokin na Maradun ya zo da ɗan ma'aunin da ake sakawa tsakanin soket da fulogi. Sabar, tana zaune ba ta yin komai, ta nuna wajen wat 150. Kwamfutar tebur, a irin wannan zama, ba ta kai 40 ba.

A ƙasar da wuta ba ta yankewa, wannan bambanci ƙarin 'yan kuɗi ne a takardar wata. A Mafara kuwa shi ne ke yanke hukuncin ko shago zai buɗe. Batir ɗin inbata mai amfiya 200 da bolt 12 yana riƙe da wat 2,400 na awa guda a takarda, kuma mai son batirinsa ya yi ƙarko ba ya shan fiye da rabi. Saura 1,200. Sabar za ta shanye wannan a awa takwas tana zaune, kafin a kunna firinta ko fanka ko allo guda. Kwamfutar tebur za ta kai awa talatin. Idan aka koma janareta, lissafin ya fi muni. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura dubu. Sabar da za a iya ciyar da ita a 2022 ta zama baƙon da ya fi ƙarfin mai gida.

Sai kuma bazara ta shigo. Duk wat ɗin da inji ya ci, zafi yake komawa, babu ragi. Kamfanin da ya ƙera sabar ya rubuta cewa iskar da za ta shaƙa a aikin yau da kullum kada ta wuce digiri 35. A watan Afrilu, a wannan yanki, inuwa ma takan haura 40, balle shago mai rufin kwano. Fankokin suka daina lafawa gaba ɗaya. Yayin da suke ƙara gudu suna ƙara cin wuta, suna kuma zuƙo ƙurar titi suna cusa ta cikin haƙarƙarin injin. Maganinsa na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita kanta ta fi sabar ci sau da yawa. Wato sai an ciyar da inji na biyu domin na farko ya rayu.

A cikin wannan hali kawun ya zo cin kasuwa daga Bakura, ya biyo ta shagon domin ya ga inda shinkafarsa ta shiga. Matashin ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa, ya kunna sabar, ya shiga bayanin hannu ashirin da gidan wuta biyu. Dattijon ya saurara har ƙarshe, yana kallon ƙarfen da ke huci.

"Na ji abin da taka yi," in ji shi. "To ɗana, mi taka ci?"

"Wuta ce, Kawu. Tana da ɗan ci."

"In babu wuta fa?"

"Sai mai."

Dattijon ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Ba ya buƙatar ƙari, domin shi ya taɓa ganin irin wannan da girman da ya fi na shago. Yana saurayi aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a 1978, aikin kamfanin Impresit na ƙasar Italiya. An tashi ƙauyuka, an karɓe gonaki, kuma a Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanya suna neman diyya. An tsara aikin ya shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun. Mafi girman kason, kimanin hekta 15,000, an ɗora shi a kan na'urorin feshi, bututu da famfuna masu watsa ruwa kamar ruwan sama, abin da jama'a suka riƙa zuwa kallo. Sauran an bar shi ga magudanai, ruwa ya gangara da kansa. Famfunan suna buƙatar lantarki kullum, da kayan gyara daga waje. Zuwa farkon shekarun 2000 feshin ya tsaya cak. Abin da ya ci gaba da ciyar da mutane shi ne ɓangaren da ba ya cin komai sai gangare. A can gonar kawun take, kuma daga can kuɗin sabar ya fito.

Bai kawo wannan zance ba a ranar. Ya tambayi lafiyar ƙanwarsa, ya sa albarka, ya tafi neman taki. Shirun nasa ne ya hana matashin barci, fiye da yadda faɗa zai yi.

Yana da kyau a tsaya a tambayi abin da ya sa injin dala dubbai ya faɗo har aljihun ɗan kasuwar Mafara. Manyan kamfanoni suna sauya sabobinsu bayan 'yan shekaru, ba don sun lalace ba, sai don sabuwar ƙira tana yin aiki iri ɗaya da ƙarancin wuta, kuma a ɗakin da injina dubbai ke ciki kuɗin lantarki da na sanyaya yana da muhimmanci ƙwarai. Lissafin da ya kori R720 daga ɗakunan Turai da Amurka shi ne dai lissafin wat. Daga nan ta bi hanyar da motoci da firji suka saba bi, ta jirgin ruwa zuwa Legas, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sannan Arewa. A kasuwannin intanet na China har an buɗe sana'a guda a kan wannan: ana ƙera sababbin alluna masu araha domin a ɗora musu tsofaffin Xeon a sayar wa masu wasan kwamfuta. Arahar gaskiya ce. Sai dai wanda ya sayar ya sayar ne domin ya huta da ciyarwa, wanda ya saya kuma ya gaji ciyarwar, a wurin da wuta ta fi tsada da wuyar samu. Abin takaicin shi ne babu mai rubuta wannan lamba a jikin talla. Ana rubuta hannaye, ana rubuta ram, ana rubuta gigahaz. Wat ɗin zama, wanda shi ne zai bi mai saye kowace rana, sai ya kai gida yake haɗuwa da shi.

Akwai kuma tsufan da ba na ƙarfe ba. Xeon ta 2013 ba ta san wasu umarnin lissafi ba, irin su AVX2, kuma wasu sababbin manhajoji ba sa tashi sam idan babu su. Windows 11 ba ta lissafa ta cikin furosesocin da ta amince da su ba, Windows 10 kuma kamfanin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da ita. Ana iya zagaye wannan ta hanyar Linux, kuma masu saba da yawa haka suke yi, amma ɗalibar da ta kawo kundin kammala karatunta a Word ba Linux ta zo nema ba. Kawun ya ce a sayi abin da zai daɗe. Ƙarfen zai daɗe, babu shakka. Yana iya kai wasu shekaru goma yana huci. Duniyar da ke kewaye da shi ce ta riga ta yi gaba.

A ƙarshen Oktoban 2024, layukan da ke kawo wa Arewa lantarki suka samu matsala, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. A waɗannan kwanaki sabar ba ta tashi ko sau ɗaya ba. Abin da ya riƙe shagon wata tsohuwar kwamfutar cinya ce da faifan sola ɗaya, kuma a kanta matashin ya gwada ɗora manhajar gwajin jarrabawar, da yara shida da suka zo da wayoyinsu. Ta ɗauka ba tare da ta ko ɗumama ba.

Bayan wuta ta dawo ya fara neman mai saye. A Mafara babu. Wani malami da ke koyar da haɗa kwamfutoci ya nuna sha'awa, domin shi aikinsa girbi ne na gaske, ɗalibai goma kowanne da kwamfutar boginsa a cikin inji ɗaya, amma ya ce sai an ga yadda batun sola zai kasance a inda yake koyarwa. Wani a Kano ya ce zai sayi ram ɗin da faya-fayan kaɗai, a bar masa gangar jikin. Da matashin ya haɗa abin da za a ba shi, bai kai rabin abin da ya biya ba, kuma a tsakanin nan faɗuwar naira ta ɗaga farashin Core i5 ɗin da ya bari a baya.

Ya je Bakura ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a ƙasa gaban kawunsa ya faɗi lissafin duka, har da abin da za a rasa. Dattijon yana gyaran igiyar buhu, bai ɗago ba sai da ya gama.

"Wadda ba ta ci da yawa, nawa ta kai yanzu?"

Matashin ya faɗa.

"Kar ka sayar da waccan a gaggauce, mai gaggawa shi aka taya wa banza. Ka jira malamin." Ya ɗaure bakin igiyar. "In an yi girbin rani ka dawo. Amma wannan karon ka tafi da abin awon nan na abokinka, a saka shi a gabanka tun a kasuwa."

Sabar tana nan a ƙarƙashin teburin shagon, an lulluɓe ta da tsohon zanen atamfa saboda ƙura, tela kuma ya samu wurin ɗora kwanon abincinsa.